Daga Dasashi Zuwa Huhu: Yadda Ciwon Haƙori Kan Zama Ciwon Ƙirji



Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau shi ne dangantakar da ke tsakanin ciwon baki da ciwon huhu. Na san akwai waɗanda za su yi mamakin gwama abubuwan nan biyu, domin a wurin yawancinmu ciwon haƙori ƙaramin ciwo ne, wanda akan cusa wa kanumfari ko a sayo masa ƙwaya a kemis a jira ya lafa. Ciwon ƙirji kuwa sanyi muke ɗora wa laifinsa, ko ƙurar hunturu, ko shan taba. To, amma tazarar da ke tsakanin haƙoran mutum da wurin da maƙogwaronsa ya rabu biyu ya shiga huhu ba ta kai kamu guda ba, kuma hanyar nan a buɗe take dare da rana muddin mutum yana numfashi. Abin da ke zaune a baki, in ya sami hali, yana iya gangarawa.

Bari mu fara da mazauna bakin. A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta da madubin ƙara girma wanda ya haɗa da hannunsa, ya ga wasu 'yan halittu suna ta motsi a ciki. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan labarin abin da ya gani. Yau an san ire-iren ƙwayoyin bakteriya da kan zauna a bakin ɗan Adam sun wuce 700, kuma yawun da zai cika cokalin shayi guda yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyinsu. Yawancinsu ba su cutar da kowa, wasu ma suna tare wa mugaye wurin zama.

Inda abin yake ɓaci shi ne bakin dasashi, daidai wurin da ya rungumi haƙori. A nan akwai wani ɗan kwari wanda zurfinsa ga mai lafiya bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan an bar dauɗa ta kwana ta wuni a wurin, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa fid da jini da zarar an taɓa shi. A shekarar 1965 wani masani mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka sa mutum 12, yawancinsu ɗalibai, su daina wanke baki ɗungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kumbura. Da suka koma wanke baki kuwa, cikin kamar mako guda kumburin ya sace. Wannan mataki na farko ke nan, kuma ana iya komowa daga gare shi. In an yi sake, sai dauɗar ta daskare ta zama kamar ƙanzo a gindin haƙori, kwarin nan ya yi ta zurfi har milimita 6 ko fiye, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa, haƙori ya soma girgiɗi. A cikin irin wannan aljihu iska ba ta shiga, saboda haka ƙwayoyin da ba su son iskar oksijin su ke mallakar wurin, su ne kuma masu haddasa warin baki irin na ruɓa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, watau mutum sama da biliyan 1, suna da ciwon dasashi mai tsanani. Abin da ya sa ake raina shi kuwa shi ne yakan yi shekaru yana cin mutum ba tare da zogi ba.

To, ta yaya abin da ke cikin wannan aljihu zai kai ga huhu? Babbar hanya ita ce ƙwarewa. Kowa ya san ƙwarewar da akan yi da ruwa ko da tuwo, mutum ya yi ta tari har hawaye. Hanyar abinci da hanyar iska ƙofa ɗaya suke tarayya a kai a ƙarshen baki, kuma duk lokacin da muka haɗiye wani abu sai maƙogwaro ya ɗago, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, sa'an nan loma ta wuce. Amma akwai wata ƙwarewa ta ɓoye, wadda ba tari ba komai. A shekarar 1978 wasu likitoci a Amurka suka ɗiga wa mutane wani ruwa mai alama a bayan hanci suna barci, da gari ya waye suka ɗauki hoton ƙirjinsu. Kashi 45 cikin 100 na lafiyayyun an sami alamar a huhunsu, a cikin marasa lafiyar da hankalinsu ya gushe kuwa kashi 70 cikin 100. Watau da yawa daga cikinmu da muke zaune a nan, daren jiya ɗan yawunmu ya zurara cikin huhu ba mu sani ba. Binciken da aka yi daga wajen 2010 zuwa yau ya ƙara tabbatar da haka, domin ya nuna 'yan ƙwayoyin da akan samu a huhun mai lafiya yawancinsu dangin na baki ne. Dā kuwa littattafan likitanci cewa suke yi huhun mai lafiya ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsa.

Sai a tambaya, me ya hana mu duka kwanciya ciwo? Allah ya yi wa huhu masu gadi. Akwai tari. Akwai majina mai danƙo da ta shafe bangon hanyar iska, da wasu 'yan ƙananan gashi marasa ganuwa da ke ta kaɗa ta sama kamar masu shara, har ta iso maƙoshi a haɗiye ta. Can cikin ƙuryar huhu kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta na jiki da aikinsu shi ne cinye baƙo. Ciwo yana aukuwa ne idan abin da ya gangaro ya yi yawa, ko ya yi muni, ko kuwa masu gadin sun yi rauni. Ciwon dasashi yana ƙara yawan abin da ke gangarowa, yana kuma ƙara muninsa. Raunin masu gadi kuwa ana samunsa ga wanda ya bugu da giya ko ƙwaya ya yi barci kamar gawa, da mai farfaɗiya, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye har haɗiya ta yi masa wuya, da wanda aka yi wa allurar barci don aikin tiyata, da tsoho tukuf. Hayaƙin taba yana kashe wa 'yan gashin nan ƙarfi, kuma shi ne dai yake ƙara ɓata dasashi, ya zama ya yi ɓarna ta fuska biyu. Haka ma ciwon sukari da ba a kula da shi ba.

Wanda ya fara tabbatar da wannan magana da gwaji shi ne wani likita Ba'amurke, David Smith, a shekarun 1920. Ya lura ƙwayoyin da yake gani a bangon ƙurjin huhu na mutanen da suka mutu sun yi kama da waɗanda ke cikin aljihun dasashi. Sai ya ɗebo mugunya daga dasashin masu ciwo ya zuba a maƙogwaron dabbobi, suka yi ƙurji a huhu irin na mutane. Ya kuma gano cewa iri ɗaya na ƙwayoyin bai isa ya yi wannan aiki shi kaɗai ba, sai sun haɗu iri-iri suna taimakon juna. A shekarun 1970 John Bartlett da Sydney Finegold suka ɗauko samfuri kai tsaye daga hanyar iska ba tare da ya bi ta baki ba, suka tabbatar da cewa ƙwayoyin nan marasa son iska su ke bayan yawancin ƙurjin huhu.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan ƙurjin huhu, domin yana da wata siffa da ta shafe mu a ƙasar nan. Mu ɗauki misalin magidanci mai ruɓaɓɓen dasashi da farfaɗiya ta kayar, ya yi ɗan lokaci a kwance rigingine bai san inda yake ba. Reshen maƙogwaro na dama ya fi na hagu faɗi, ya kuma fi shi miƙewa, saboda haka abin da ya zurara ya fi faɗawa huhun dama, ya taru a sashen da ke wajen baya, tun da ruwa gangare yake bi. Mutumin nan zai farfaɗo ya ci gaba da harkarsa. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi da tari. Bayan mako ɗaya ko biyu naman wurin ya ruɓe, ya zama kogo cike da mugunya, in ya fashe cikin hanyar iska sai ya riƙa fid da kaki mai yawa, sau da yawa mai ɗoyi da ba a iya zama kusa da shi. Sai rama, da gumin dare, wani lokaci har da jini a kaki. Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce tarin fuka ne, hoton ƙirji ma kogo zai nuna kamar na tarin fuka. A ƙasa irin tamu da tarin fuka ya yi yawa daidai ne a fara zarginsa, a gwada kaki. Amma idan gwaji ya ce babu, kaki kuma yana ɗoyi, to, ya wajaba likita ya ce wa majinyaci ya buɗe baki a duba dasashinsa. Ina ganin abin kunya ne a sa mutum shan maganin tarin fuka wata 6 alhali ba wanda ya taɓa leƙa bakinsa. Tsofaffin likitoci suna da wata ƙa'ida: ƙurjin huhu ba kasafai yake kama wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ba, tun da ba aljihun da ƙwayoyin za su ɓuya, in an same shi ga irin wannan mutum sai a nemi wani dalili, musamman ciwon daji da ya toshe hanyar iska. Kafin zuwan fenisilin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ƙurjin huhu mutuwa suke yi. Yanzu yawancinsu suna warkewa da magani, sai dai maganin na makonni ne, kuma in mugunya ta tsallaka ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari sai an sa roba an tsiyaye ta.

Ƙurji shi ne mafi ban tsoro, amma nimoniya, wadda muke kira ciwon haƙarƙari, ita ta fi kashe mutane, musamman tsofaffi da masu jinya a asibiti. A nan labarin ya ɗan sauya. Mutumin da ya kwanta ciwo bakinsa yakan bushe, ba ya tauna, ba wanda ke wanke masa haƙora, cikin 'yan kwanaki sai mugayen ƙwayoyin asibiti, waɗanda dā ba mazauna baki ba ne, su sami masauki a dauɗar haƙoransa. A 1992 Frank Scannapieco da abokan aikinsa a Buffalo ta Amurka suka sami irin waɗannan ƙwayoyi a bakin kashi 65 cikin 100 na majinyatan ɗakin masu matsanancin ciwo, alhali a cikin masu zuwa ganin likitan haƙori da ƙafarsu kashi 16 ne kawai. Wanda aka zura wa roba a maƙogwaro aka haɗa shi da na'urar numfashi kuwa, marfin nan nasa a buɗe yake, ba ya iya tari, yawu kuma yana bin jikin robar yana zurara ƙasa.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni a Japan aka yi shi, ƙarƙashin Takeyoshi Yoneyama, aka buga cikakken sakamakonsa a 2002. An ɗauki tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ana wanke musu baki bayan kowane cin abinci, ma'aikacin haƙori kuma yana duba su mako-mako. Ɗaya kashin aka bar su yadda suka saba. Bayan shekara 2, nimoniya ta kama kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka bari, ta kama kashi 11 na waɗanda ake wanke wa baki, mutuwa ta dalilinta kuwa ta ragu da fiye da rabi. Abin mamaki, har waɗanda ba su da haƙori sun amfana. A ƙasar dai, wani bincike na 2015 a kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama ya nuna masu kwana da haƙoran roba a baki sun ninka masu cirewa haɗarin nimoniya. A ƙarshen 2023 kuma wasu likitoci biyu a Amurka suka tattara gwaje-gwaje 15 da aka yi a asibitoci, suka ga goge wa majinyaci haƙora kullum yana rage nimoniyar asibiti, musamman ga masu na'urar numfashi, yana kuma rage mutuwa a ɗakin masu matsanancin ciwo. Ina so ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu, musamman masu tsara kasafin kuɗin asibitoci, su auna kuɗin buroshi guda da kuɗin kwana ɗaya a irin wannan ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce jini. Dasashi mai ciwo gyambo ne a ɓoye, kuma ƙwayoyi kan kutsa cikin jini lokacin cire haƙori, ko ma lokacin tauna mai ƙarfi. Yawanci jiki yakan share su cikin mintoci. Wani lokaci kuwa, ko da yake ba kasafai ba, ciwon yakan kama babbar jijiyar wuya mai mayar da jini zuwa zuciya, jini ya daskare a ciki tare da ƙwayoyi, gudajin su riƙa gutsurewa suna bin jini. Zuciya kuwa duk jinin da ya komo mata huhu take fara aika shi, sai gudajin su maƙale a can, kowanne ya zama ɗan ƙurji, a huhu duka biyu. Wani likita Bafaranshe, André Lemierre, ya bayyana wannan ciwo a 1936 a kan mutum 20, 18 daga cikinsu suka mutu. Ya fi farawa daga ciwon maƙoshi, amma yakan fara daga haƙori, kuma samari da 'yan mata masu jini a jika ya fi kamawa. Alamarsa ita ce zazzaɓi mai karkarwa da ciwo a gefen wuya, sa'an nan ciwon ƙirji da haki.

Ta uku ita ce ciwon ya bi nama ya gangara. Saiwar turamen ƙasa na can ƙurya tana da zurfi, idan mugunya ta huda ƙashi ta nan sai ta bazu a ƙarƙashin harshe da haɓa. Wurin ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya koma baya. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan a 1836. Kumburin kansa yana iya shaƙe mutum. In bai shaƙe shi ba, akwai ramuka tsakanin naman wuya da suka miƙe har cikin ƙirji, sai mugunya ta bi su ta isa tsakanin huhu biyu inda zuciya take. Duk mai ciwon haƙori da ya ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko yawu ya gagare shi haɗiya, ko muryarsa ta sauya, to, asibiti zai nufa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Akwai gargaɗi guda da tarihi ya bar mana, kada wani ya fita daga nan ya ce a tuge haƙora a huta. A 1910 wani likita na Landan, William Hunter, ya yi lacca a Montreal ta Kanada ya ɗora wa ruɓar baki laifin cututtuka barkatai. Maganar ta karɓu fiye da kima. Shekara ashirin zuwa talatin bayan haka an yi ta cire wa mutane haƙora masu lafiya a Ingila da Amurka da sunan maganin sanyin ƙashi, har da taɓin hankali, sai daga baya aka ga ba wanda ya warke, an dai bar bayin Allah da wawulo. Bambancin wancan da abin da na kawo muku shi ne, a nan an san hanyar da ƙwayoyin ke bi, an same su a wurin da suka sauka, an kuma gwada tsabtace baki an ga ciwo ya ragu. Su ma likitoci sun gyara wani abu a nasu ɓangare: ƙa'idojin da aka fitar a Amurka a 2019 sun ce ba kowace nimoniyar ƙwarewa ce ke bukatar ƙarin magani na ƙwayoyi marasa son iska ba, sai in ana zargin ƙurji ko taruwar mugunya.

Abin yi ga mai lafiya ba shi da wuya. A goge haƙora sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci tun da cikin barci ake ƙwarewar ɓoye, a kuma bi bakin dasashi, domin can dauɗar take. Asuwaki yana fid da dauɗa sosai in an iya amfani da shi, amma yawancinmu haƙoran gaba muke gogewa muna tafe muna hira, mu bar turame da ɓangaren harshe. Jini a jikin buroshi alama ce ta a ƙara kula, ba dalilin dainawa ba ne. Ƙanzon da ya riga ya daskare kuwa sai ma'aikacin haƙori ya kankare shi. Haƙorin da ya yi mugunya ƙwayar kemis za ta lafar da shi ne kawai. Sai an fid da mugunyar, an gyara haƙorin ko an cire shi.

Nauyin da ya fi girma yana kan masu jinya, kuma a ƙasar nan 'yan uwa ne ke jinya, a gida ko a asibiti. Muna wanke wa tsohonmu jiki, mu sauya masa tufafi, mu shafa masa mai, amma bakinsa sai ya yi wata ba a taɓa ba. A tayar da shi zaune, a goge masa haƙora da harshe da buroshi mai laushi, a share ruwan da tsumma mai tsabta in ba ya iya tofarwa. In yana da haƙoran roba a cire su da dare a wanke. Kada a ba shi kunu yana kwance, kuma bayan ya ci a bar shi a jingine kamar rabin sa'a. In an ga yana tari ko muryarsa tana gurgura duk lokacin da ya sha ruwa, a gaya wa likita, domin haɗiyarsa ce ta sami matsala. Haka nan ɗurar da akan yi wa yara ana toshe musu hanci, da ruwa ko jiƙon da akan zuba a bakin mai farfaɗiya ko wanda ya suma, duk hanya ɗaya suke bi zuwa huhu. Wanda ya faɗi bai san inda yake ba, a kwantar da shi a kan gefensa, a karkata bakinsa ƙasa don yawu ya zubo waje, kada a sa masa komai a baki sai ya farfaɗo sarai.